Kayan da Ruwa Ya Ci: Tafiya Daga Aliero Zuwa Maiyama

A watan Oktoba na 2015 aka yi wani gwanjo a Ingila, aka sayar da biskit guda ɗaya tak a kan fam 15,000. Ba na ci ba ne, gama ya shekara 103. Abin da ya ba shi daraja shi ne an same shi cikin guzurin wani ƙaramin jirgin ceto na Titanic, babban jirgin ruwan nan da ya yi karo da dutsen ƙanƙara ya nutse ran 15 ga Afrilu, 1912, mutum fiye da 1,500 suka hallaka. Shekara 2 kafin gwanjon biskit ɗin, an sayar da gogen shugaban makaɗan jirgin, Wallace Hartley, a kan fam 900,000. Tun da aka gano inda jirgin yake kwance a 1985, an tsamo kaya wajen 5,500 daga ƙarƙashin teku: kwanuka, takalma, agogai, kwalabe, har da wani ɓangaren jikin jirgin. A watan Yuni na 2023 kuma mutum 5 suka rasa rayukansu garin zuwa kallonsa.

Mai karatu zai ce, to, mu ina ruwanmu? Mu mutanen tudu ne, teku tana can nesa. Amma fa mu ma muna da namu jiragen da suka nutse, muna da namu kayan da aka yi shekaru ana nema. Labarin yana nan a bakin Kwara, kudu da Jihar Kebbi. Domin mu kawo muku shi muka bi hanyar da ta taso daga Sakkwato, ta ratsa Aliero da Jega da Maiyama, ta nufi Yawuri. Ku biyo mu a hankali, gama tafiya mabuɗin ilmi ce.

Aliero, garin albasa

Tun kafin mutum ya shiga Aliero hancinsa zai gaya masa inda ya iso. Albasa ce ko'ina. Ga ta a lambu, ga ta a zube an tsiba kamar duwatsu, ga ta a buhu ana lodi. Manyan motoci suna ɗiba zuwa Legas da Anacha, har da ƙasashen maƙwabta. An kuma san garin da masu ɗori, waɗanda ake kawo musu masu karaya daga wurare masu nisa. Tun 2006 akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a nan, saboda haka za ka ga ɗalibai da littattafai suna ratsa tsakanin jakuna da amalanke.

A nan babu babban kogi. Ruwan da manomi ya sani shi ne na rijiyar lambu da na injin ban ruwa. Duk da haka a Aliero muka fara tunanin abin da ake kira daraja. Manomin albasa ya san kayansa ba masu jira ba ne. In ya sayar da kaka, ya sayar da araha. In ya ajiye a rumbun ciyawa yana jiran tsada, kullum sai ya leƙa ya tsince ruɓaɓɓu, gama guda ɗaya takan ɓata sauran. Darajar albasa tana cikin tukunya. Ran da ta ƙi ciyuwa, ranar ta zama taki.

Da za ka gaya wa irin wannan manomi cewa an sayi tsohon biskit da kuɗin da zai sayi gona da shanun huɗa, dariya zai yi, ya ce abin Turawa sai su. Amma bari mu yi adalci. Shi ma in ka shiga ɗakinsa za ka tarar da tsohuwar garma ko sandar mahaifinsa a jingine, ba ta aikin kome, ba kuwa zai sayar maka ba. Wannan hali na ɗan Adam ne duka. Mukan riƙe abin da hannun wanda ya tafi ya taɓa. Tambayar ita ce, don me muke riƙewa, me kuma abin yake koya wa 'ya'yanmu?

Jega da gulbinta

Daga Aliero ba a daɗewa sai Jega. Garin ciniki ne tun asalinsa. Buhari ɗan Malam Abdussalam na Gimbana ne ya kafa shi wajen 1820, bayan rasuwar mahaifinsa, har yau kuwa ana kiran sarkin garin Sarkin Kabin Jega. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 kasuwar Jega ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin ƙasar Hausa. Ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro sukan yada zango a nan, a yi cinikin gishiri da kanwa da tufafi da dabbobi. Abin baƙin ciki, har da 'yan Adam aka sayar a kasuwannin wancan zamani.

Abin da ya ja mu shi ne gulbi. Gulbin Zamfara ne ya bi ta gefen garin, waɗansu kuwa a nan sukan ce Gulbin Gindi. Da rani yakan janye ya bar yashi da fadama, manoman shinkafa da na kayan lambu su bi bayansa. Da damina yakan cika ya batse, wani lokaci ya shiga gonaki da gidaje, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2020 wadda ta cinye shinkafa mai yawan gaske a jihar. Muka tsaya a bakin gada muna kallon masunta da gora da homa, yara suna wanka, mata suna wanki, wani kwalekwale kuma yana haye da buhuna da akuya da keke.

A bakin gulbi irin wannan, jirgin da ya mutu ba ya zama abin kallo. In kwalekwale ya tsufa ya fara shan ruwa, a toshe shi da tsumma da kwalta. In ya ƙi, a jawo shi tudu. Katakonsa ya zama benci ko ƙyauren shago, gindinsa ya zama komin ba dabbobi dusa, ƙusoshinsa su tafi wurin 'yan gwangwan a auna a kan sikeli. Ba mai rubuta sunan wanda ya sassaƙa shi, ba mai lissafin mutanen da ya haye da su.

Amma ku lura da inda wannan ruwa yake tafiya. Daga Jega yakan gangara yamma ya haɗu da Gulbin Kabi, wanda ya biyo ta Sakkwato da Argungu da Birnin Kebbi. Su biyu su gangara kudu su faɗa Kwara. Kwara ta ɗauke su ta wuce Yawuri, ta wuce inda tsohon garin Busa yake, ta kai Jebba. Watau ruwan da muka ga yara suna wasa a ciki, shi ne zai bi ta kan wurare biyu inda jiragen da suka fi suna a tarihin ƙasarmu suka fashe.

Maiyama, ƙofar kudu

Muka haye gada muka miƙa kudu zuwa Maiyama. Ƙasar noma ce, gero da dawa a tudu, shinkafa a fadama. Motocin Koko da Yawuri da Kwantagora duk ta nan suke bi. Mun kwana a gidan waɗansu 'yan'uwa masu bi, muka sha fura, muka yi addu'ar yamma tare da yaran gida. A nan muka tsaya, amma labarin yana gaba a kan wannan hanya, to, bari mu ba ku shi.

Mungo Park likita ne, mutumin Sikotilan. A zamaninsa Turawa suna jin labarin Kwara, amma suna gardama a kan inda ta nufa da inda ta ƙare. Ya fara ganinta da idonsa a Segu, cikin ƙasar Mali ta yanzu, a 1796. A 1805 ya komo da Turawa fiye da 40, yawancinsu sojoji. Damina ta same su a hanya, zazzaɓi da atuni suka yi ta kashe su, har 11 kaɗai suka kai bakin kogi. A garin Sansandin surukinsa Alexander Anderson, wan matarsa, ya rasu. Park ya haɗa tsofaffin kwalekwale 2 ya yi jirgi mai tsawon ƙafa 40, ya sa masa suna Joliba, watau sunan kogin a bakin mutanen can. A watan Nuwamba suka tashi, Turawa 5, bayi 3, da jagora mai suna Amadi Fatuma.

Sun yi tafiyar mil fiye da 1,000 a kan ruwa. A nan dole mu faɗi gaskiya, Park bai yi tafiyar da ladabin baƙo ba. Saboda tsoro ya ƙi tsayawa ya gai da sarakuna, ya ƙi biyan kuɗin fito, in jirage suka matso sai a buɗe musu wuta. Mutane da yawa suka mutu ta haka, labarinsa kuwa ya riga shi isa gaba. Ga shi kuma lokacin yaƙi ne. Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara a 1804, Birnin Kebbi ta faɗi a 1805, kowane gari yana zaune a kan tsoro. Ko Jega ba a kafa ta ba tukuna.

A farkon 1806 suka iso Yawuri, zamanin Sarki Albishir. A nan jagoransu ya sauka, gama iyakar alkawarinsa ke nan. Da suka kai Busa, inda kogi ya matse tsakanin duwatsu, jirgin ya maƙale. Mutane suka taru a gaɓa da baka da mashi. Amadi Fatuma ya ba da labari cewa wani hakimi ne ya danne kyautar da aka aika wa sarki, sarki ya husata ya tura mayaƙa. Waɗansu mutanen wurin kuwa daga baya suka ce sun ɗauka mayaƙan jihadi ne suka iso. Park da sauran Turawan suka faɗa ruwa, ruwa ya ci su. Bawa guda ne ya tsira.

Neman abin da ya saura

Daga nan aka shiga neman kayan jirgin, aka yi fiye da shekara 50 ana yi. Abin da Turawa suka fi so shi ne littafin da Park yake rubuta labarin tafiyarsa kowace rana.

Na fari, a 1810 aka aiki wani tsohon jagoran Park mai suna Isako ya bincika. Shi ne ya samo Amadi Fatuma ya ji labari daga bakinsa. Abin da ya iya komowa da shi ɗamarar takobin Park ce kaɗai, wadda aka ce Sarkin Yawuri ya mai da ita majayin dokinsa. A 1826 Kyaftin Clapperton ya zo Busa, aka nuna masa wurin da abin ya faru, amma bai sami takarda ko ɗaya ba. Ya wuce Sakkwato, ya rasu can a 1827. A wannan shekara kuma ɗan Park, saurayi mai suna Thomas, wanda bai yarda mahaifinsa ya mutu ba, ya sauka a gaɓar ƙasar Gana ta yanzu domin ya neme shi. Bai yi nisa ba shi ma ya rasu.

A 1830 Richard Lander, wanda dā baran Clapperton ne, ya komo tare da ƙanensa John. Sarkin Busa ya karɓe su da kyau, ya ba su wata riga ta alharini ja wadda aka ce daga jirgin ta fito. Sa'an nan aka kawo wani mutum mai riƙe da littafi a naɗe cikin babban ƙyalle. Shekara 24 yana ɓoye da shi, yana girmama shi kamar abin tsafin gida. Gaban 'yan'uwan nan ya faɗi don murna, suna tsammani sun sami abin da ake nema. Da aka kwance, ashe littafin lissafi ne, cike da jerin lambobi, irin wanda matuƙan jirgi suke dubawa su gane inda suke. A tsakanin shafofinsa akwai takardar bashin tela, da wata takardar gayyatar cin abinci ta 1804. Suka mayar wa mai shi. Suka hau zuwa Yawuri, suka yi makonni suna jiran takardun da aka ce suna wurin sarki, suka komo hannu wofi.

Amma a ƙasar Borgu sun ga wani ƙaramin littafi wanda ya kamata kowane mai bi ya ji labarinsa. Littafin waƙoƙin sujada ne na Isaac Watts, da sunan Alexander Anderson a rubuce a ciki. Ku tuna Anderson ya rasu tun a Sansandin. Park ya ɗauki littafin surukinsa ya sa a jirgi, littafin ya bi kogi mil 1,000, ya shiga ruwa a Busa, wani ya tsamo shi ya ajiye. Ga yabon Almasihu a cikin gida shekara da shekaru, ba mai iya karanta ko kalma ɗaya. Mai ƙishi ne yake zaune a kan murfin rijiya.

Mutanen Busa kuma suna da nasu labarin. Sun gaya wa baƙin nan cewa bayan fashewar jirgin annoba ta auka wa garin, ta kashe sarki da mutane masu yawa, aka ɗauka alhakin baƙin ne. Saboda haka kayan jirgin suka zama abin tsoro ga waɗansu, abin laya ga waɗansu. Littafin da Park ya rubuta da hannunsa kuwa ba a same shi ba har wa yau. 'Yan'uwan nan biyu suka bar neman kayan matattu, suka sayi kwalekwale suka bi kogin, a watan Nuwamba na 1830 suka fita teku. Aikin da Park ya mutu a kai, su suka ƙarasa shi.

Jirgin da ya fashe ya bar albarka

Jirgi na biyu mai tururi ne, sunansa Dayspring, watau ketowar alfijir. A 1857 ya hau Kwara daga teku a ƙarƙashin Likita William Baikie. A cikinsa akwai wani hafsan jirgi mai suna John Glover, akwai kuma Samuel Ajayi Crowther, Bayarabe wanda aka kama shi bawa yana yaro, Allah ya kuɓutar da shi ya zama mai wa'azin bishara. Nufinsu su kai har wurin Sarkin Musulmi a Sakkwato. Ran 7 ga Oktoba jirgin ya bugi dutse kusa da Jebba, ya fashe. Ba wanda ya mutu. Suka kwashe abin da za su iya, suka kafa bukkoki a gaɓa, suka zauna wajen shekara guda kafin wani jirgi mai suna Sunbeam ya zo.

A idon mutum hasara ce. Amma dubi abin da ya fito daga cikinta. Crowther ya yi amfani da zaman jiran nan yana koyon Nufanci, yana ziyartar garuruwa, yana neman wurin kafa aiki a Rabba. A 1864 aka naɗa shi bishop, baƙar fata na fari da ya sami wannan matsayi a ikilisiyar Angilikan. Glover ya yi ta yawo ta tudu har Legas, a cikin yawonsa kuwa ya sami littafin lissafin nan na Park, aka kai shi London wurin ƙungiyar masana ƙasa. Baikie bai koma gida ba. Ya zauna ya kafa Lakwaja, ya yi ta fansar bayi yana yi wa marasa lafiya magani, ya koyi Hausa sosai har ya juya waɗansu sassan Littafi Mai Tsarki. Ya rasu a Saliyo a 1864, aka buga Zaburarsa ta Hausa a 1881. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, bisa wahalar mutane da yawa, Baikie yana cikin na farkonsu.

Da aka zo shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, aka tsamo waɗansu ƙarafan injin Dayspring aka ajiye su a tashar Jebba domin matafiya su gani. Ƙarfe ne mai tsatsa. Amma duk gidan da aka buɗe Zabura da Hausa da safe, a can ne babban abin tunawa da wannan jirgi yake.

Waɗanda ba a yi gwanjon kayansu ba

Yau ba mai iya tsayawa inda jirgin Park ya maƙale. Da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafki ya rufe tsohon garin Busa da duwatsunsa, aka ta da dubban mutane zuwa sababbin garuruwa. Itatuwan da ruwa ya rufe suna nan a ƙarƙashi, kututturansu suna jiran cikin jirgi.

A kan wannan ruwa, ran 26 ga Mayu, 2021, wani tsohon jirgin katako ya taso daga wajen Borgu ya nufi Wara cikin ƙaramar hukumar Ngaski, a nan Jihar Kebbi. Mutum fiye da 150 ne a ciki, ga kaya a kai. A tsakiyar ruwa ya rabe biyu. Waɗanda aka ceto da rai 20 ne da 'yan kai. Akwai mata, akwai yara, akwai 'yan kasuwa masu neman abin tuwo. Ba wani gidan gwanjo da ya nemi takalmansu ko kwanukansu. Abin da ya saura yana hannun iyalansu: zane a cikin akwati, hula a rataye, hoto a bango.

Turawa 'yan kaɗan suka nutse a Busa, aka yi shekara 50 ana neman ɗamara da takarda. Namu fiye da 100 suka nutse a rana ɗaya, bayan 'yan makonni aka koma lodi kamar dā. Wannan ya isa ya hana mu barci. A wurin Allah ran mai tallan ƙuli-ƙuli da ran shahararren matafiyi farashinsu ɗaya, gama jini ɗaya ne ya fanshe su.

Me Maganar Allah ta koya mana?

Ku buɗe Ayyukan Manzanni sura 27. Luka ya ba da labarin fashewar jirgin da ya ɗauki Manzo Bulus zuwa Roma. An zubar da kaya a teku, an zubar da kayan aikin jirgi, a ƙarshe har alkamar aka zubar, aka yanke anka 4 aka bar su a ruwa. Luka bai tsaya lissafin kuɗin kayan ba. Mutane ya ƙirga, su 276, ya kuma shaida cewa dukansu sun kai gaɓa, waɗansu da iyo, waɗansu a kan katakai da tarkacen jirgi. Katakon ya yi amfani sa'ad da yake ɗauke da rai. A zamaninmu masu ninƙaya sun tsamo tsofaffin anka na Romawa kusa da tsibirin Malta, har waɗansu suna cewa na jirgin Bulus ne. Bangaskiyarmu ba ta rataya a kan wannan ba.

Wannan ba ya nufin ajiye abin tunawa laifi ne. A Joshuwa sura 4 Ubangiji da kansa ya umarta a ɗauko duwatsu 12 daga tsakiyar Kogin Urdun a kafa su a tudu. Dalilin kuwa a fili yake, domin in yara suka tambaya, iyaye su ba su labarin ikon Allah. Amma a 2 Sarakuna 18:4 mun ga ɗaya gefen. Macijin tagullar da Musa ya yi bisa umarnin Allah, da mutane suka fara ƙona masa turare, Sarki Hezekiya ya farfashe shi. Abu ɗaya zai iya zama shaida yau, gobe ya zama gunki. Zai kuma iya zama haja, mutum ya yi taƙama da mallakar agogon wanda ya nutse, bai taɓa tunanin gwauruwar da aka bari ba.

To, ya ku iyaye, ga abin da za mu roƙe ku. In akwai wani abu na wanda ya riga mu a gidanku, Littafi Mai Tsarkin kaka ne, ko littafin waƙoƙi, ko filafilin tuƙi, ku fito da shi wata rana bayan addu'ar yamma. Ku bar yara su taɓa, su yi tambaya. Ku gaya musu sunan mai shi, da aikinsa, da yadda ya bi Ubangiji. Ku rubuta sunan da shekarar a takarda ku haɗa da abin. In littafi ne, a karanta shi. Kada ya zama kamar na Anderson, yabo a naɗe cikin ƙyalle. Kada kuma a rataya shi a wuyan yaro don tsari, gama Ubangiji ne mai tsaronmu.

Ku kuma da kuke haye ruwa zuwa kasuwa ko biki ko taron ikilisiya, ku tuna da mutanen Wara ta wurin aikinku. In jirgi ya cika, ku jira na baya, ko da za ku rasa ciniki. Kada ku shiga ruwa da dare ko hadari yana haɗuwa. Ku nemi rigar kariya, wadda takan riƙe mutum a saman ruwa, ku fara sa wa yara. Ƙungiyar mata zumunta ko ta matasa za ta iya tara kuɗi ta sayi 'yan kaɗan ta ajiye a mashigi domin kowa da kowa, Kirista da Musulmi, gama ruwa ba ya tambayar addini. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Gara a miƙa masa riga tun yana tudu.

Bari mu yi addu'a domin masunta da matuƙan jirage na Gulbin Zamfara da na Kwara, domin gwauraye da marayun da ruwa ya bari, domin kuma 'yan'uwa masu bi da ke zaune a Aliero da Jega da Maiyama, Allah ya ba su zaman lafiya da maƙwabtansu, ya sa su zama haske a inda suke. Amin.